Kalmar "Alien": Yadda Baƙo Ke Rikiɗa Ya Koma Dodo

Turawan Ingila suna da wata kalma guda da suke kiran abubuwa biyu da ita. Kalmar ita ce "alien", ana furta ta kamar "eliyan". Idan ka gan ta a takardar hukuma, ko a filin jirgin sama, ko a ƙofar ofishin 'yan sanda, tana nufin mutumin da ba ɗan ƙasa ba. Idan kuma ka ji ta a bakin yaro mai kallon fim a waya, tana nufin wata halitta mai ƙaton kai da dara-daran idanu, wadda ta sauko daga wata duniyar a cikin jirgi mai kama da faifai. Haruffa biyar kacal, amma sun haɗa ɗan Habasha mai yankan riɗi a gonakin Gadarif da dodon da ya faɗo daga sama.

Aikina koyar da Turanci, kuma duk lokacin da darasi ya kawo mu kan wannan kalma sai yara su bushe da dariya, wai Bature bai iya bambance mutum da aljani ba. Ni kam ban ga abin dariya ba. Mu Hausawan Sudan an shafe shekaru ana liƙa mana ma'anar farko, a ofis, a kasuwa, a jarida. Tarihin kalmar kuwa yana nuna cewa daga ma'anar farko zuwa ta biyu tafiyar ba ta da nisa. Wanda aka rubuta shi bare a takarda yau, gobe sai a wayi gari ana maganarsa kamar ba ɗan Adam ba. Shi ya sa nake so mu bi sawun wannan kalma tun daga gidan da aka haife ta, har zuwa ƙofar gidanmu.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da. Suna da kalmar "alius", wato "wani". Daga ita suka fitar da "alienus", wato "na wani", abin da ba naka ba. Bashi ma suna ce masa "aes alienum", ma'ana kuɗin wani da ke hannunka. Ka ga a nan babu zagi, babu tsoro. Akuyar maƙwabcinka ma ta shiga wannan layi, tunda ba taka ba ce. Kalmar ta shiga Faransanci, daga can ta ƙetara zuwa Ingila, inda aka fara ganinta a rubuce a ƙarni na 14. Tana da 'yan'uwa da masu kallon finafinan 'yan sanda suka sani: "alias", sunan aro da mutum ke ɓuya a bayansa, da "alibi", hujjar cewa kana wani wuri daban lokacin da aka yi ɓarna. Duk uwarsu ɗaya.

Lauyoyi ne suka fara dasa mata ƙaya. A tsohuwar dokar Ingila, "alien" shi ne wanda aka haifa a wajen ƙasar da sarki ke mulki, don haka ba a ɗauke shi talakan sarki ba. Babban abin da aka toshe masa shi ne ƙasa: ba ya gadon fili, ba ya bar wa ɗansa gadon fili, kuma haka aka yi ta tafiya har 1870. Ku riƙe wannan batu na fili, za mu sake cin karo da shi a Nil Azraƙ. A 1608 alƙalan Ingila suka fayyace cewa baƙi gida biyu ne, baƙon da sarkinsa ke zaman lafiya da Ingila, da baƙon da sarkinsa ke yaƙi da ita. A 1793, da masu gudun juyin juya halin Faransa suka yi ta kwarara, majalisar Ingila ta yi dokar sa ido a kan baƙi. A 1798 Amurka ta yi nata dokokin, har da wadda ta ba shugaban ƙasa ikon kamawa da korar 'yan ƙasar da ake yaƙi da ita. A 1905 Ingila ta sake yin wata, wadda kowa ya san an yi ta ne don rage shigowar talakawan Yahudawa masu gudu daga Rasha. Duba jerin nan da kyau. Babu dokar da aka yi cikin kwanciyar hankali. Kowace an haife ta ne a shekarar tsoro.

Ma'ana ta biyu, ta halittun sararin samaniya, jaririya ce idan aka kwatanta. A ƙarni na 20 ta kankama, a mujallun ƙagaggun labaran kimiyya, sannan sinima ta ɗauke ta ta kai ta kowane lungu, da finafinai irin Alien na 1979 da E.T. na 1982. Abin lura shi ne marubutan ba su ƙera sabuwar kalma ba. Sun leƙa rumbun harshensu suna neman sunan da zai sa tsigar jikin mai karatu ta tashi, sai suka tarar babu wanda ya kai sunan da suka saba kiran baƙo da shi.

Akwai ma wani abu da ya kamata kowane ɗan Sudan ya sani. Littafin da ya fi shahara a kan mamayar halittun wata duniya, The War of the Worlds na H.G. Wells, ya fito ne a 1898. A ciki wasu halittu daga duniyar Mars suka sauka Ingila da makaman da ba a taɓa gani ba, suka yi ta karkashe mutane kamar kiyashi. Wells da kansa ya tuna wa masu karatunsa cewa abin da Turawa suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya ke nan. To, a wannan shekara ta 1898, ranar 2 ga Satumba, sojojin Kitchener suka buɗe wa Ansar wuta da bindigogi masu sarrafa kansu a Karari, kusa da Umdurman. Sama da mutum 10,000 suka kwanta dama a yini guda, ɓangaren Kitchener kuwa bai rasa ko 50 ba. Kafin watan ya ƙare sun shigo Gadarif. Idan ana neman wanda ya zo daga nesa da makamin da ba a sani ba, ai ba sai an ɗaga kai sama ba. Amma shi ne ya zauna daga baya, ya ɗauki alƙalami, ya rubuta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo.

Kada wani ya ce haɗa baƙon mutum da baƙon dodo shaci-faɗi ne na malamin makaranta. Wani mai shirya fim ɗan Afirka ta Kudu, Neill Blomkamp, wanda ya yi District 9 a 2009, ya taɓa gwada abin. A wani gajeren fim da ya yi kafin nan, ya tambayi mutanen Johannesburg ra'ayinsu game da baƙi 'yan Zimbabwe da sauran 'yan Afirka da ke zaune cikinsu, sannan ya jera amsoshin a fim kamar suna magana ne a kan halittun sama. Maganar ta zauna daram, ba sai an gyara ba. A Amurka ma kalmar ta zama filin daga. A 2021 gwamnatin Biden ta umarci hukumomin shige da fice su daina amfani da ita, su riƙa cewa "wanda ba ɗan ƙasa ba". A 2025 gwamnatin Trump ta dawo da ita, ta kuma tono waccan tsohuwar doka ta 1798 ta kwashi 'yan Benezuwela zuwa kurkuku a El Salbado. Gwamnatoci ba sa kokawa a kan kalmar da ba ta da aiki.

Mu dawo nahiyarmu. Turawa sun tafi, amma sun bar mana kalmar a cikin littattafan doka, mu kuma muka wasa ta muka juya wa juna. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta fitar da umarnin korar baƙi marasa takardu, ta ba su mako biyu. Zangunan Kumasi da Akara suka girgiza. Hausawa, Yarbawa, Zabarmawa, Mosawa, har da waɗanda aka haifa a can, ba su san wata ƙasa ba, suka ɗaure kaya. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari a Nijeriya ta yi irin nata, mutum sama da miliyan ɗaya suka fice, akasarinsu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samu sunan da ake kiranta da shi har yau. Kafin nan ma, a Janairun 1980, an kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka kai shi iyaka aka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta ce ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Mutumin da jama'a suka zaɓa da ƙuri'unsu, dare ɗaya aka mai da shi baƙo don ya tsone wa masu mulki ido. Darasin a fili yake: baƙunta ba a jini take ba. Layi ne da mai iko ke ja, kuma yana iya matsar da shi duk ranar da ya ga dama.

To, mu fa? Kakanninmu ba da jirgin faifai suka sauko ba. Da ƙafa suka zo, da jaki da raƙumi, ta hanyar da ta taso daga Kano da Borno, ta ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan, ta nufi Suwakin don a ƙetara zuwa Jidda. Hanya ce ta ɗaruruwan shekaru. Sunan Takari da ake kiranmu da shi daga Takrur yake, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, Fallata kuma sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, sai aka yi jam'u aka rufa shi a kan duk wanda ya fito daga yamma. A nan jiharmu, Baturen nan matafiyi Samuel Baker ya isa Gallabat a 1862, ya tarar da Takari su ne masu garin, da shehinsu, da gonakinsu, da kasuwarsu. Wannan shekara 36 ke nan kafin Kitchener ya ga Umdurman. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas, suka cim masa a Burmi, ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'ar da ta rage har bakin Nil Azraƙ, kusa da Sinnar, inda garin ke ɗauke da sunansa har yau. Da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe mashru'in Jazira a 1925, Turawa da kansu suka riƙa maraba da mutanen yamma, don audugar tana neman hannu. Da noman tarakta ya fara a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar nan, je ka tambayi tsofaffi su wane ne suka yi shema da yanka da sussuka.

Yanzu ga inda alƙalami ya shigo. Dokar 1948, wadda Turawa suka yi don fayyace wane ne ɗan Sudan, ta kafa sharaɗin cewa mutum ko kakanninsa ta wajen uba su kasance mazauna ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Dokar jinsiyya ta 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana. Ka lissafa da kanka. Wanda Bature ya kora daga Sakkwato a 1903, Bature ya sake zuwa ya same shi a Sinnar ya ce masa ya makara da shekara shida. Daga baya aka matsar da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mai da ita 1 ga Janairu 1956. Tsarin mulkin 2005 ya ƙara da cewa duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin jinsiyya. Mutum ɗaya, gida ɗaya, gona ɗaya, amma a wata doka baƙo ne, a wata ɗan ƙasa. Shi bai motsa ba. Kwanan wata ne ya motsa. A 2011 ma mun gani da idonmu, lokacin da aka yi wa dokar gyara bayan ɓallewar Kudu, mutanen da aka haifa a Khartum da Kosti da nan Gadarif suka kwana 'yan ƙasa suka tashi ajanib.

A rubuce dai doka ta riga ta yanke hukunci, mu 'yan ƙasa ne. Amma abin da ke takarda daban, abin da ke bakin taga daban. Wane gida ne a cikinmu ba shi da labarin wanda ya je neman jinsiyya, aka dubi sunan kakansa, aka ce ya kawo ƙarin shaidu, ya kawo baffa, ya kawo takardar umda, ya dawo bayan wata, alhali wanda ke bayansa a layi an sallame shi a yini guda? A 2008 jaridar Al-Ayyam ta buga wata magana da aka jingina wa Umar al-Bashir, mai nuna cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Aka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Port Sudan, fadar shugaban ƙasa ta musanta. A Yulin 2022 wuta ta kama a jihar Nil Azraƙ, a Rusairis da Ganis da kewaye, bayan taƙaddama kan neman da Hausawa suka yi na a ba su matsayi a idara ahliyya. Hujjar masu ƙi ita ce sarauta tana tafiya da ƙasa, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. Kun tuna dokar Ingila da ta hana "alien" gadon fili? Ga ta nan ta sake fitowa da wata riga. Sama da mutum 100 suka mutu a watan nan, a Oktoba kuma aka sake rasa wajen 200 a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. An yi asara a kowane ɓangare, kuma jinin kowa jini ne. Amma duk wanda ya bi abin da aka riƙa rubutawa a Facebook a kwanakin nan ya san cewa kafin a ɗauki adda sai da aka fara ɗaukar kalma. Haka aka yi a Ruwanda a 1994, sai da rediyo ta gama mai da mutane kyankyasai sannan aka fito da adduna.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ƙara faɗaɗa ramin. Wata magana ta bazu a jihohin da ke hannun soja, ƙanun al-wujuh al-gariba, wato dokar baƙuwar fuska. Ba doka ba ce da wata majalisa ta zauna ta rubuta, aiki ne da ake yi a shingen bincike da tashar mota. Lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta kokawa kan yadda ake tsare mutane saboda kamanninsu, ko lafazinsu, ko garin da aka rubuta a katinsu, musamman 'yan Darfur da Kurdufan. A Janairun 2025, lokacin da ake ƙwato Wad Madani, aka afka wa Kambo Ɗayba a Jazira, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26, rundunar soja da kanta ta fito ta yi tir da abin da ya faru a kanabi. Mazauna kambon nan sun fi shekara nawa suna noma a wurin? Fuskarsu ta zama baƙuwa ne ranar da tsoro ya shigo.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce malam, ƙasa tana yaƙi. Dakarun Da'ama sun yi ta'asar da baki ba zai iya faɗa ba a Jinaina da Jazira da Sinnar, an kuma ga sojojin haya daga waje a cikinsu. Jiharmu tana bakin iyaka. Shin hukuma ba ta da haƙƙin sanin wanda ke shiga da fita? Tana da shi mana. Babu ƙasar da ba ta tambayar takarda, kuma mu ma muna so mu kwana da ido biyu rufe. Abin da nake cewa shi ne a tambayi kowa tambaya iri ɗaya, a kama mutum da abin da ya aikata, a kai shi gaban alƙali. Ranar da fuska ta zama hujja, mai laifin da ya yi kama da mai bincike zai wuce salin-alin, mai gaskiyar da bai yi kama da shi ba ya kwana a ɗaure. Wannan ba tsaro ba ne, asarar tsaro ce.

Wani kuma zai ce ai ku ma kuna da hannu, kun daɗe kuna ɗaukar kanku matafiya. Akwai ƙamshin gaskiya. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya yi bincike a ƙauyukanmu na Jazira, ya fitar da littafi a 1995 mai suna Permanent Pilgrims, wato alhazan da tafiyarsu ba ta ƙarewa, saboda ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a nan suna cewa su har yanzu a kan hanyar Makka suke. Niyya ce mai kyau, Allah Ya ba kakanninmu ladanta. Amma ofishin rajista ba ya karanta niyya. Gidajen da suka ƙi boko, suka ƙi yankar takardar haihuwa, suka ce mu masu wucewa ne, sun bar wa jikokinsu gadon wahala. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Wanda ya binne kakansa da kakan kakansa a ƙasa ai ya wuce raɓa.

Harshenmu ma yana da abin koya mana a nan. Bahaushe yana da "bare", wanda ba dangi ba, yana kuma da "baƙo". Amma "baƙo" kalma ce mai ɗauke da nauyi a kan mai gida: shi ne wanda ba ka sani ba, shi ne kuma wanda za ka shimfiɗa wa tabarma ka kawo masa ruwa kafin ka tambayi sunansa. Ba za ka iya furta ta ba tare da ka ji ana binka wani abu ba. Ko da 'yan jarida suka so fassara baƙon da ya shigo ba izini, sai da suka ƙara masa wata kalma suka ce baƙon haure, wanda ya hauro katanga, don "baƙo" ita kaɗai ba ta ɗaukar zargi. Larabci kuma yana da "ajnabi", daga tushen da ke nufin gefe, wato mutumin da ke gefenka. Daga wannan tushe ne aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na nesa a cikin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu. Ba Hausa ba Larabci, babu wanda ya haɗa baƙo da dodo a kalma ɗaya. Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. A rubutun boko "baƙi" jam'in baƙo da "baƙi" na launin fata haruffansu ɗaya, a baki ne kawai suke rabuwa. A ƙasar nan kuwa mun san sau nawa ake karanta na biyu a yanke hukuncin na farko.

Me ya rage mana? Abu uku nake gani, kuma duk suna hannunmu.

Na farko takarda. Duk jaririn da aka haifa a yankar masa shahadar haihuwa kafin a gama cin naman suna. Duk wanda ba shi da raƙam waɗani ya nema, mace da namiji, ɗan makarantar boko da almajirin khalwa. Mata da 'yan mata su ne aka fi bari a baya, su ne kuma suka fi shan wuya a shingen bincike ranar gudu. Yaƙin nan ya nuna mana cewa ofis yana ƙonewa, akwati yana ɓacewa, don haka a ɗauki hoton kowace takarda a waya, a tura wa ɗan'uwa a wani gari. Takardun gona da na gida ma haka. Dattijon da zai tsaya maka shaida yau, ba lallai ka same shi baɗi ba. Masu ilimin shari'a a cikinmu kuma su riƙa rubuta duk inda aka ɗora wa mai nema sharaɗin da doka ba ta ɗora ba, a kai ƙorafi a rubuce, da suna da rana. Kuka a zaure ba ya sauya komai.

Na biyu tarihi. Yaranmu sun san sunayen 'yan ƙwallon Turai, amma da yawansu ba su taɓa jin Burmi ba, ba su san shekarar da aka kafa unguwarsu ba. Kowane matashi mai waya ya zauna da kakarsa ya naɗi muryarta: daga ina aka taso, ta ina aka biyo, wa ya haƙa rijiyar farko, wa ya gina masallacin, a gonar wa aka fara aiki. Mu malamai aikinmu ne mu tattara wannan mu rubuta, da Hausa da Larabci, don maƙwabtanmu ma su karanta. Yaron da ya san kakansa na nan tun kafin a ɗaga tutar 1956, idan aka ce masa baƙo ba zai sunkuyar da kai ba, ba kuma zai ɗauki dutse ba. Zai amsa da hujja.

Na uku, kuma shi ya fi wuya, harshenmu a kan wasu. Gadarif gari ne na masu zuwa. Tun Nuwamban 2020 dubun dubatar mutanen Tigrai suka tsallako, aka zaunar da su a Um Rakuba da Tunaidba. Tun 2023 mutanen Khartum da Madani da Sinja suka cika makarantunmu da gidajenmu. Idan haya ta yi tsada, ko aka yi sata a unguwa, me muke cewa a majalisa? Sau nawa ake jin "ai Habashawan nan ne", ko "ai nazihin nan ne", daga bakin mutumin da jiya-jiya aka ce masa "ai Fallatan nan ne"? Wuƙar da aka yanke ka da ita ba ta zama halal don ta dawo hannunka. Gana ta kori 'yan Nijeriya a 1969, Nijeriya ta kori 'yan Gana a 1983, babu wanda tattalin arzikinsa ya warke da korar. Idan muna so a daina auna mu da fuska, kada a kama mu muna auna wani da ita.

Kalmar da Rumawa suka fara da ita "wani" kawai take nufi. Tsoro da doka da sinima ne suka yi ta ɗora mata kaya har ta koma dodo. Kowa a duniyar nan wani ne a wurin wani: Bahaushe a Damazin, Ja'ali a Alƙahira, ɗan Sudan a Riyad ko Landan, inda miliyoyin 'yan ƙasarmu ke bin layin ofishin baƙi a yau, har da waɗanda a da suke tambayarmu asalinmu. Ba na musu dariya, Allah Ya mai da su gida lafiya. Fatana idan sun dawo, mu zauna tare mu rubuta doka ɗaya, da layi ɗaya, da tambaya ɗaya ga kowa.

Allah Ya kashe wutar wannan yaƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba mu damina mai albarka.